Tani Mai Masa da Ledojin Mararraba

Tani mai masa ta rasu a daminar bara, a Jiratawa, cikin gidan ƙanenta Gambo. Labarin bai bazu a unguwarmu ta Zariya da ke Maraɗi ba sai bayan an yi sadakar uku, kuma da ya bazu, waɗanda suka tsaya suka yi mata addu'a ba su da yawa. Alhali babu gida a layinmu da bai ci masarta ba. Na ga ya dace a rubuta yadda ta zauna da mu da yadda ta bar mu, tun waɗanda suka san ta ba su ƙare ba.

An haife ta a wani ƙaramin ƙauye bayan Tsibiri, ranar Litinin, shi ya sa aka sa mata Tani. Mahaifinta manomin gero ne daga cikin Anna, wato Hausawan da suka riƙe addinin kakanni, yana da tsamiyar da yake yanka a gindinta kafin shuka. Mahaifiyarta kuwa ƴar bori ce. Tani ba ta taɓa ɓoye wannan ba. In an tambaye ta asalinta, faɗi take yi kai tsaye, kamar yadda wani zai ce ubansa maƙeri ne. Ta musulunta lokacin da ta auri Rabo mai gyaran keke, wanda ya kawo ta Maraɗi. Ta koyi salla a hannun matar mai gidan da suke haya, ta kuma riƙe ta har ƙarshen ranta. Duk da haka, kowace shekara bayan kaka takan shiga mota ta je gida a yi taron dangi da ita, ta dawo da daddawa da garin kuka. Ta taɓa ce mini ba ta ga dalilin da zai sa salla ta raba ta da uwar da ta haife ta ba.

Ta haihu, amma ƴaƴan ba su tsaya ba. Da ciwo ya kwantar da Rabo, sai ta fitar da kaskon masa waje. Wurin da ta zaɓa shi ne mararrabar da layinmu ya gitta hanyar kasuwa, inda itatuwan bedi biyu, wato dogon yaro, suke fuskantar juna. Ta kafa duwatsun murhunta uku a gindin na gabas. Kafin a fito daga sallar asuba ta hura wuta, kafin gari ya waye sosai ƙamshin ya cika layi. Masar gero take yi, da ɗan sirkin shinkafa, kuma ba ta yarda wani ya juya mata ko ɗaya. Tana da baki, tana da tsokana. In na tsaya saye takan kira ni Mushe, yadda ake kiran malaman boko a nan, ta ce, "Mushe, yau ci za ka yi, ko gyaran magana ka zo yi mini?" Haka take yi wa kowa, da mai mota da mai tafiya ƙasa.

A ciwon Rabo na ƙarshe, wanda ya ɗauke shi zuwa asibiti shi ne Alhaji Zakariya'u, maƙwabcin mararrabar. Tsohon ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, dogo, mai yawan shiru, mai tsabtar da har mutane suke yi masa ba'a a kanta. Ba ka ganinsa sai cikin fararen kaya. Duk ranar da liman bai samu fitowa ba, shi ake turawa gaba a masallacin unguwa, kuma wannan matsayi yana da girma a wurinsa ƙwarai. Bayan rasuwar Rabo, ya ba Tani izinin ajiye kaskonta da itacenta a garejin gidansa, ta kuma riƙa ɗiban ruwa a famfonsa. Ba ta manta wannan alheri ba, kuma rashin mantawar ne ya ɗaure mata baki daga baya.

Wata shekara ɓarayi suka haura gidan Alhaji. Ɗansa da ke aiki a Yamai ya kawo masa wani ƙaton kare irin na Turawa, mai yawan gashi, don gadi. Malamai sun ce ajiye kare saboda tsaro ba laifi ba ne, sai dai a kiyaye najasarsa. Karen bai saba da kulle ba, yana ta kuka, sai Alhaji ya ɗauki al'adar fita da shi bayan asuba, lokacin da layi bai cika ba, bayan ya sauya tufafi. Tun yana matashi, da aka tura shi horo Faransa, ya ga masu karnuka suna kwashe kashin dabbobinsu cikin leda don kada wani ya taka, abin ya burge shi. Shi ma sai ya yi haka. Yakan sa hannu cikin baƙar leda, ya kwashe, ya juya ta, ya ƙulle bakinta tamau.

Inda za a kai ledar shi ne matsalar. Matarsa ta rantse ba za a shigo mata da ƙazantar kare gida ba, ko cikin kwandon shara, ko cikin masai. Juji kuma yana da nisa. Sai ya riƙa saƙala ledar a reshen bedin yamma, can sama inda awaki ba za su yage ta ba, da tunanin mai amalanken shara zai sauke ta in ya zo wucewa. A ganinsa ya yi abin kirki. Wannan bedin kuwa a ƙofar gidan Hajiya Salima yake, wata mai sayar da atamfa.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san cewa ƙullin da aka tarar a mararraba ba a taɓa shi, ba a tsallake shi, balle a kwance shi. Tun muna yara ake hana mu. Mai amalanken shara ya ga ledar, ya kau da kai, ya kora jakinsa gaba. Alhaji kuwa shekarun da ya yi a bakin iyakoki da ofisoshi sun sa ya manta abin da idon mutanen unguwa zai gani. Ledoji suka yi ta ƙaruwa a kan reshe, baƙaƙe, kowace da ƙullinta, suna lilo daidai ƙofar mutum guda.

A wannan lokacin ne al'amura suka cuɗe wa Hajiya Salima. Ƙafafunta suka kumbura, auren ɗiyarta ya mutu, ciniki ya ja baya. Ba muguwar mace ba ce, tsoro ne ya kama ta, kuma kullum ta leƙo waje ga ledoji a saman kanta. Ta je wurin wani mai duba, ya ce mata aikin mace ne, kuma macen ba ta da nisa da ita. Aka ɗauki hoton reshen a waya, ya zaga cikin matan unguwa tare da saƙonnin murya. Ba a daɗe ba wata ta tuna cewa mai masa ɗiyar ƴar bori ce, wata kuma ta ƙara da cewa ita ce mai riga kowa fitowa a mararrabar.

Ni a lokacin ina Yamai, an yi mini aikin ido. Abin da zan faɗa daga nan na ji shi ne daga bakin Tahira mai ɗinki, wadda gidanta ke kallon mararrabar, da kuma bakin Alhaji kansa.

Tani ta lura masu saye suna raguwa, ba ta san dalili ba, har Tahira ta zauna kusa da ita wata safiya ta rage murya.

"Inna, kin san mi ake faɗi kanki?"

"In dai ba cewa aka yi masata ta ƙanƙance ba, faɗi in ji."

"Ledojin can. An ce ke ce kike ɗaure wa Hajiya."

Tani ta yi dariya har ta saki cokalin juyi. "Waɗannan? Ke Tahira, kashin kare ne! A gaban idona ake rataya su."

"Kashin kare? Wa zai ɗaure kashin kare a leda?"

Nan Tani ta daina dariya. Ta ce za ta yi magana da mai abin tukuna.

Ta same shi a bakin famfo da hantsi. Ta ce, "Alhaji, tsarabar karenka ta jawo mini magana. Ana cewa sammu ne, kuma ni ake nunawa." Ya ce mata maganar mata ce, za ta wuce, amma zai daina. Ya kuwa daina, ya sauya wa karen hanya. Sai dai bai sauke tsofaffin ba, don kada a gan shi yana saukewa, bai kuma gaya wa kowa ba. Ya faɗa mini daga baya cewa abin da ya riƙa zo masa a rai shi ne sahun masallaci: yaya mutane za su bi shi salla in sun ji da hannunsa yake kwashe kashin kare kowace safiya? Dainawar ma ta zama hujja a kan Tani. Aka ce tun da ta ji an gano ta, ƙulli bai sake ƙaruwa ba.

Hajiya Salima ta kai kuka wurin mai unguwa, Maman Lawali. Ya tara dattawa bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi nesa kaɗan da bedin, mata suka tsaya a bakin ƙofofi. Alhaji Zakariya'u yana cikin dattawan, da carbinsa a hannu.

Mai unguwa ya ce, "Tani, kin dai ji abin da ake faɗi. Mu ba mu ce ke ce ba. Amma ke ce mai riga kowa fitowa nan. Mi kika gani?"

"Ranka ya daɗe, kashin kare ne."

Wurin ya ɗauki dariya. Tanimu mai butik, wato kantin layinmu, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce, "To, Inna, kare ne ya ƙulle da kansa, ko guzuri aka yi wa wani matafiyi? Mu nan kashin jaki ma sai ya bushe inda ya faɗi."

Babu wanda ya taɓa ganin mai hankali ya tattara irin wannan abu ya ɗaure, don haka maganarta ta yi kama da ƙaryar wanda dabara ta ƙare masa. Mai unguwa ya tsawatar, sannan ya tambaye ta wanda ke ɗaurewa.

Ta ce, "Mai shi yana da baki, ranka ya daɗe. Ba ni zan ari bakinsa ba."

Tahira ta ce Tani ta ɗaga kai ta dubi Alhaji, ta daɗe tana dubansa. Shi kuwa idonsa na kan carbi.

Sai ta miƙe, ta ɗauki sandar da take gyara wuta da ita, ta je ta zaƙulo leda guda, ta kawo tsakiyar fili. Maza suka ja da baya suna neman tsari, wata mata ta janye ɗanta cikin gida. Tani ta durƙusa ta kwance ƙullin da hannunta, ta zazzage a ƙasa, don kowa ya gani ya huta.

Ledar ta daɗe a rana. Abin da ke ciki ya bushe, ya yi baƙi, ya marmashe. Karen kuwa ƙasusuwan mahauta ake ba shi, kuma yana lasar jikinsa. Abin da ya zubo a gaban jama'a baƙin gari ne haɗe da silin gashi da guntayen ƙasusuwa. Hajiya Salima ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Wani dattijo ya ce a hankali, amma kowa ya ji, ai ba mai iya kwance irin wannan da hannu tsirara sai wanda ya ɗaure shi.

Mai unguwa bai yanke mata hukunci ba. Ya ce a bar wa Allah, ya sa aka ƙone ledojin da man fetur. Amma washegari Tani ta soya masa cike da faranti, ta zauna har rana ta take, ba wanda ya tsaya sai Tahira. Masu wucewa suka riƙa bin ɗaya gefen hanya. Ta jure kwanaki tana fitowa, tana hura wuta, tana mayar da masa gida. Da matar mai gidan da take haya ta ce mata ta daina sa moɗa a randarsu, sai ta kira Gambo. Ta shiga garejin Alhaji lokacin yana masallaci, ta ɗauki kaskonta, ta jera masa itacen da ya rage a gefe, ta share wurin. Duwatsun murhun kaɗai ta bari.

Da na dawo na tarar da gindin bedin gabas babu kowa. Na kuma tarar da Alhaji ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Wata rana da yamma ya zo gidana, ya zauna, ya ba ni labarin duka ba tare da ya rage kansa ba. Ya ce tun ranar taron, duk sanda ya shiga gaba ya yi kabbara sai ya ga idonta a ransa.

Bayan sallar magariba ta ranar da ya zo gidana ya miƙe a masallaci ya faɗa wa jama'a. Abin mamaki, ba su yarda ba. Suka ce Alhaji mutumin kirki ne, tausayin tsohuwa ne ya sa yake son ɗaukar laifinta. Tanimu ya ce, "Alhaji, kai da ko ƙofar butik ɗina ba ka taɓawa sai da hankici?" Don haka washegari ya jira har rana ta fito, layi ya cika, ya fito da karen cikin fararen kayansa, ya tsaya a mararraba. Da karen ya gama, ya sa hannu a leda, ya kwashe, ya juya, ya ƙulle, ya ɗaga sama. Kowa ya gane ƙullin. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Tun daga ranar, in liman bai fito ba, wani ake turawa gaba, kuma Alhaji bai taɓa tambayar dalili ba.

Ya roƙe ni in raka shi Jiratawa. Muka tarar da ita a bakin gonar Gambo, kusa da magudanar ruwan noman rani, tana zaune da wasu mata suna tsige ganyen zogale cikin manyan kwanduna. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta gaishe mu da kyau, ta sa aka kawo ruwa, ta tambayi idona.

Alhaji ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa. Ya ce, "Tani, na faɗa musu. Na nuna musu da hannuna. Kowa ya san ba ke ba ce. Ki yafe mini, ki dawo wurinki."

Ta ci gaba da tsigar ganye na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "Tashi, Alhaji, kayanka za su yi datti. Karen yana nan?"

"Yana nan."

"To, shi dai ba shi da laifi. Abin da ya matse shi ya yi."

Matan suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Yafewa na yafe, saboda Allah da kuma Rabo. Amma rannan na dube ka, Alhaji. Na dube ka har wuyana ya gaji. Kalma ɗaya nake jira."

Ni ne na sa baki, na ce mata unguwa ta yi kewarta, kuma yanzu gaskiya ta fito.

Ta ce, "Mushe, kai ba ka nan. Mutanen nan sun ga hannuna cikin ledar nan. Da sun ce sammu na taɓa, yanzu za su ce kashin kare na taɓa. Wanne ne a ciki zai sa mutum ya kai masata baki? Kuma waɗanda suka ci abincina shekara da shekaru, suka yarda da wannan a kaina cikin yini guda, da wane ido zan miƙa musu faranti?"

Ta cika mana leda da zogale, ta ce a kai wa Tahira rabi.

Ba ta sake soya masar sayarwa ba. Gambo ya ce da salla kaɗai take fito da kaskon, ta yi wa mutanen gida, kuma ko a nan ba ta barin kowa ya juya. Hajiya Salima, da ƙafafunta suka yi sauƙi bayan likita ya gano hawan jini ne, ta aika mata da turmin atamfa da ban haƙuri. Tani ta karɓa, ta yi godiya, ta ninke shi a ƙasan akwati. A can aka same shi bayan rasuwarta, ba a ɗinka ba. Alhaji ya ba wani mai lambu karen. Yakan je Jiratawa lokaci-lokaci ya gaishe ta, tana karɓarsa da mutunci, amma ba ta sake tsokanarsa ba, kuma ya ce mini wannan ya fi komai yi masa ciwo. Shi kaɗai ne daga layinmu ya samu jana'izarta, domin shi Gambo ya kira.

Yanzu wata yarinyar mata tana sayar da ƙosai a layinmu, amma can gaba ta kafa murhunta, kusa da butik ɗin Tanimu. Na taɓa tambayarta abin da ya hana ta zama gindin bedin gabas, inda inuwa ta fi kyau, ga kuma duwatsu a shirye. Ta ce an gaya mata na wata tsohuwa ne, kuma gara a bar su yadda suke. Kowa a unguwar ya san abin da ke cikin ledojin nan, kowa ya san Tani ba ta yi komai ba. Duk da haka duwatsunta uku suna nan inda ta kafa su, da baƙin hayaƙi a jikinsu, kuma har yau mai shara kewaye su yake yi.

Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.